Ranar da Na Hana Baba Mamman Shiga Rijiya

Abubuwa da yawa na wurin aiki sun zube mini, har da sunayen wasu da muka ci abinci a kwano ɗaya, amma ban taɓa mantawa da wata ranar Asabar da na tsaya a bakin rijiya a unguwar Zahir, a nan Makka, na hana sa'an mahaifina yin aikinsa a gaban jama'a ba. Ku da kuke riƙe da kayan masu nutso yanzu kuna yawan cewa na cika tsanani a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ji har suna kuka sa mini. To ku gyara zama ku ji inda tsananin ya samo asali.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da sittin ne, cikin tsananin zafi. Ina da shekara talatin da ɗoriya, iyalina suna unguwar Hindawiyya a Makka, ni kuma ina aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda da wani kamfani mai tsamo kayan da suka nutse da gyaran ƙarƙashin jirage. Ranar Alhamis da yamma nake hawowa gida, in koma Asabar da sassafe. Muƙamina a takarda shi ne amin mustauda, wato mai kula da sito. Ban taɓa nutso ba ko sau ɗaya. Mahaifina mutumin Haɗeja ne, garin kifi, amma ni a hanya aka haife ni, a Sudan, kuma har gobe in ruwa ya wuce gwiwata sai in fara salati.

A samana akwai wani Bature da muke ce wa Kaftin, shi ne shugaban masu nutso. A ƙarƙashinsa masu nutso huɗu ne. Ni ba na cikin jerinsu, amma duk abin da za su sa a baki ko su goya a baya daga hannuna yake fita, kuma hannuna yake dawowa. In mutum ya shiga ruwa, ni nake riƙe igiyar da aka ɗaura masa a ƙugu.

Bari in yi wa waɗanda ba su san aikin ba bayani. Mai nutso yana goya tukunyar iska ta ƙarfe. Iskar da ke ciki a matse take ƙwarai, da za ta shiga ƙirjin mutum kai tsaye da ta fasa shi. Saboda haka ake ɗaura wata na'ura a bakin tukunyar, wadda take rage ƙarfin iskar ta riƙa ba mutum daidai abin da ya ja. Larabawa suna ce mata munazzim, mu kuwa a tsakaninmu huhu muke ce mata. Irin na zamaninmu gwangwani ne na tagulla mai faɗin murfin tukunya, da mesa biyu na roba da suke zagayo kafaɗu su haɗu a baki. Ta ɗaya iska take zuwa, ta ɗaya take fita. A cikin gwangwanin akwai faifan roba mai laushi, akwai kuma wata 'yar roba siririya da muke kira bakin agwagwa, wadda take barin numfashi ya fita ta hana ruwa shigowa. Ran mutum yana rataye a jikin waɗannan robobi biyu ne, ga su kuwa ba su fi kaurin fatar ganga ba.

Ƙa'idar ajiyarsu ba ta da wuya, naci kawai take so. Da an fito daga ruwa, a cire huhu daga tukunya, a goge bakin da iska ke shiga, a toshe shi da murfinsa kafin komai, don ko ɗigon ruwa ba a so ya shiga nan. Sannan a ɗauraye shi da ruwan daɗi, a zazzage mesa, a rataye a inuwa inda iska ke kaɗawa. In ya bushe a barbaɗa wa roba hoda, a kwantar da shi a akwatin katako ba tare da an lanƙwasa mesa ba. Abu uku ba ya shiri da su: rana, wuta, da mai kowane iri. Sai ƙa'ida ta ƙarshe wadda Kaftin yake maimaitawa har ta gundure mu, cewa huhu ba ya kwana a ko'ina sai a hannun mai sito.

Babba a cikin masu nutsonmu shi ne Baba Mamman. Basarke ne daga Yauri, jinin masunta, a cikin kwalekwale ya buɗe ido. Ya taso aikin hajji a ƙafa da matarsa, suka yi shekaru a bakin teku ta wajen Sudan yana nutso da numfashin ƙirjinsa kawai kafin su ƙetaro. A lokacin da nake ba ku labari ya ba hamsin baya sosai, Kaftin ma ya fara duban furfurarsa yana girgiza kai. Baba Mamman bai taɓa ɗaukar huhu da wani girma ba. Yakan ce abin raggwaye ne, Allah ya riga ya ba shi nasa guda biyu. Shi ne kuma ya tsaya mini aka ɗauke ni aiki, lokacin da ba ni da komai sai tallan goro a ƙofar gida. Ko sunansa ban iya kama kai tsaye.

Wata Laraba saƙo ya zo daga Makka. Wani mai gona a Zahir, Amm Bakur, kan famfon injinsa na ban ruwa ya tsinke da bututu ya faɗa rijiya, ya kafe a ƙasa ya toshe wurin. An yi ta jefa ƙugiya an kasa. A lokacin Zahir akwai sauran gonaki da rijiyoyi, ba kamar yanzu da gini ya cinye ko'ina ba. Amm Bakur jinin Hausawa ne, kakansa ne ya zo hajji ya zauna, shi kuwa Hausarsa ta zama rabi da rabi. Ta bakin mutanenmu ya ji cewa akwai Bahaushe mai nutso a Jidda.

Matsalar ita ce Kaftin ba Musulmi ba ne, ba zai wuce shingen da ke kan hanya ba. Ran Alhamis da safe ya rako mu a motar kamfani har wurin, ya sauka, ya buɗe akwatin ya duba huhu biyu da ke ciki, na aiki da na ko-ta-kwana. Ya dube ni ya ce da Larabcinsa mai kama da tuƙa tsakuwa, daga nan zuwa ciki ni ne Kaftin. Sai na ji kaina ya yi girma. Tunda na fara aiki ba a taɓa sakar mini ragama ba sai ranar.

Rijiyar tana da zurfi, an gina ta da dutse, ga ƙarafa da aka gicciya a ciki don riƙe bututu. Ruwan kansa ya kai gaba shida, kuma da an taɓa ƙasan sai ya zama kamar kunu. Wanda ya shiga irin wannan wuri da hannu yake gani. In wani abu ya same shi a ƙasa ba zai taso a miƙe ba, sai ya lallaba ya ratsa tsakanin ƙarafan nan ɗaya bayan ɗaya. Baba Mamman ya shiga da hantsi, ya samo famfon, ya yashe laka daga jikinsa, ya fito lafiya. Sai dai sarƙar da Amm Bakur ya tanada ta yi ƙanƙanta, ba za ta ɗaga shi ba. Aka tsayar da cewa zai nemo babba, a dawo ranar Asabar, tunda gobe Juma'a.

Na yi aikina yadda aka koya mini. Huhu biyun duka na toshe su, na ɗauraye, na shanya a ƙarƙashin rumfa har suka bushe, na sa hoda, na rufe akwati. Tukwanen iska muka kulle su a wani ɗaki mai sanyi a gonar. Motar kamfani ta riga ta koma Jidda. Na ɗauki akwatin zan nemi tasi zuwa Hindawiyya, niyyata in tura shi ƙarƙashin gado, sai Baba Mamman ya dafa hannuna.

"Ina za ka da shi, Haruna? Ga gidana nan kusa a Utaibiyya, ka ratsa gari da kaya awa ɗan dako? Kawo shi nan, ina da ɗakin da ba kowa ciki."

Na ce, "Baba, ai ka san ƙa'idar Kaftin."

Ya yi dariya, ya waiwayi mutanen gonar. "Ku ji mini ɗan nan. Ko kana tsoron in kai shi kasuwa in sayar?"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Na sakar masa akwatin. Abin da ya fi damuna har yau shi ne ko kalma ɗaya ban ƙara ba. Ban ce kada a buɗe ba, ban ce a nisanta shi da rana ba. Maganar ta zo mini har baki na haɗiye ta, don ina ganin ta yaya zan koya wa mutumin da yake nutso tun ba a haife ni ba yadda ake ajiye kayan nutso. Na manta cewa iya shiga ruwa daban, iya ajiyar kaya daban.

Ranar Asabar na riga kowa isa gonar. Babbar sarƙa ta zo, an kafa ƙarafa uku a bakin rijiya, maƙwabta sun taru kallo, don ba kullum ake ganin mai nutso a garin da babu ko rafi ba. Baba Mamman ya iso da akwatin a kafaɗa, fuskarsa a sake. Ina ɗaga murfin ƙamshi ya buge ni, na turaren wuta da man udu, kamar an buɗe adakar amarya. Tagullar tana ƙyalli yadda ban taɓa ganin ta yi ba. Hodar da na barbaɗa babu ko alamarta, mesa kuwa sai sheƙin mai suke yi.

Na ce, "Baba, wa ya taɓa kayan nan?"

"Innarka ce, Kulu," in ji shi, yana ɗaura ɗamararsa. "Jiya na dawo daga Harami na iske ta wanke su tas da Zamzam, ta shanya bisa soro, sannan ta turara su. Ta ce abin da ka ba mijinta numfashi ba ya kwana ɗakinta babu albarka. Dut biyun ta yi musu, ba ta nuna bambanci ba."

Duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san yadda ake turara tufafi. A zuba garwashi a kasko, a sa turare, a kifa kwando a kai, a ɗora kaya, a lulluɓe. Haka ta yi wa huhu. Kafin nan sun wuni a kan soro a ranar Makka, wadda take narkar da kwalta. Murfin bakin iska kuwa na same shi a gefe a cikin akwatin, ta cire shi ne don ruwan albarka ya shiga ko'ina.

Na ɗaura na farko a tukunya, na buɗe. Baba Mamman ya karɓa ya sa a baki, ya ja numfashi uku ya cire.

"Ka gani? Shina ba da iska, har da ƙamshi. Tai mu fara, rana na yi."

Gaskiya ne yana ba da iska. Wannan shi ne mugun halin huhun da ya lalace, a tudu ba ya nuna kansa, tunda babu ruwan da zai shiga. Kuma ba zan ɓoye muku ba, na so in yarda. Jama'a na kallo, Amm Bakur na tsaye yana duba agogo, dattijon ya riga ya tuɓe. Har na ɗauko igiya. Hannuna ne ya ƙi, ya saba da gwajin da nake yi kullum kafin in miƙa wa kowa kaya. Na rufe tukunyar, na zuƙe sauran iskar da ke ciki, sannan na ƙara zuƙa. Lafiyayyen huhu a nan sai ka ji kamar kana tsotsar dutse, babu abin da zai zo. Wannan kuwa iska ta shigo mini salun-alun, har da ɗan fito. Inda iska ta samu hanya a tudu, nan ruwa zai bi a ƙasa.

Na kwance gwangwanin. Bakin agwagwa ya narke ya zama kamar ƙaro, gefe ɗaya ya tsage. Faifan roba ya yi laushi, ya kumbura, na ɗaga shi ga rana na ga haske ta wani ɗan rami a bakinsa. Na gwada na biyun. Shi bai kai na farko lalacewa ba, amma shi ma yana shan iska, kuma da na girgiza shi na ji ruwa yana motsi a inda ba a son ko ɗigo. Kayan canji da na taho da su ba su wuce zoben roba da ɗan abin ɗaure mesa ba.

Na miƙe na ce, a hankali yadda shi kaɗai zai ji, "Baba, yau ba shiga."

"Mi ka ce?"

"Duka biyun sun lalace. In ka sauka da su ruwa za ka sha."

Amm Bakur ya matso. "Esh fi, ya jama'a? Kwana takwas ma fi moya, babu ruwa, itatuwa suna mutuwa. Ya waladi, ba ga shi ya yi numfashi dahin, yanzun nan, ba?"

Na ce masa ya yi haƙuri, kayan ne suka samu matsala. Ban faɗi dalili ba. Baba Mamman ya dube ni da wani irin ido da bai taɓa dubana da shi ba. Ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"To aje tarkacenka. Kahin a ƙera wanga abu muna shiga ruwa. Gaba shida? A Yauri yara ka wasa da gaba shida. Riƙe mini igiya in sauka da ƙirjina in ɗaura sarƙa."

Na san a ƙuruciyarsa zai iya. Amma ɗaura sarƙa a jikin ƙarfe cikin laka ba aikin numfashi ɗaya ba ne, ga ƙarafan nan a gicciye, ga shekaru. Na kuma san abin da yake ci masa rai. Ba famfon ba ne. Yana tsoron labari ya isa Jidda cewa an kai tsoho aiki ya dawo a bushe, Kaftin ya samu dalilin da yake nema. Yana kuma tsoron a tambayi abin da ya sami kayan, sunan matarsa ya fito a bakin maza. Na tausaya masa har cikin raina. Duk da haka na naɗe igiyar, na ɗora ta a kan akwatin, na zauna a kai.

Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ba zan riƙe ba."

Ba a shiga rijiya irin wannan babu mai riƙe igiya wanda ya san alamomin ja, kuma duk gonar ni kaɗai na sani. Baba Mamman ya dube ni, ni kuwa na kafa idona a ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗauki rigarsa ya sa.

"Ni na kai ka wurin aikin ga," ya ce. Ya juya ya fita daga gonar.

Na sha zagi a rayuwata, amma babu wanda ya yi mini zafi kamar wannan 'yar magana. Na ɗauki akwatin, na hau tasi zuwa Jidda.

Kaftin ya buɗe gwangwanayen, ya shinshina, ya ɗaga gira. Ya tambayi abin da ya faru. Na ce an ajiye su kusa da wuta, mai ya taɓa su, ruwa ya shiga. Ya ce a ina. Na ce a wani gida. Ya ce gidan wa. Na ce masa ni ne mai sito, ni na sake su daga hannuna, wannan shi ne abin da ya kamata ya shiga takarda. Ya dube ni. Ba wawa ba ne, ya san warin gidan da nake fitowa ba na udu ba ne. Amma bai matsa ba. Ya rubuta mini inzar, wato takardar gargaɗi, wadda in mutum ya tara uku sai sallama. Sannan ya tambaye ni abu ɗaya, ko mai nutson ya shiga ruwa da su. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai, ya buɗe kabad ya ba ni wasu huhu biyu, ya ce in koma in gama aikin.

Ranar Lahadi na aika wa Baba Mamman cewa kaya sun zo. Ya zo a kan lokaci. Na gwada su a gabansa, ya karɓa, ya sauka, ya ɗaura sarƙar cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, aka jawo famfon ana kabbara. Amm Bakur ya rungume shi yana ta "Allah ya'atikal afiya, ya ammi." Ni kuwa ko kallona bai yi ba. Gaisuwata ma da kai ya amsa. Haka muka yi mako biyu a Jidda, ina miƙa masa kaya yana karɓa, ina riƙe igiyarsa, babu magana sai ta dole.

A Alhamis ta uku na dawo gida matata ta ce Inna Kulu ta aiko, tana son ganina bayan la'asar. Na tafi Utaibiyya ina shirya kalmomin rarrashi a hanya. A tunanina za ta yi kuka ne, ni kuma in ce mata ba komai, ai da kyakkyawar niyya ta yi, Allah ya riga ya kiyaye. Har wani daɗi nake ji a raina na wanda ya rufa wa mutane asiri.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, tsohuwa 'yar firit, tana tsince shinkafa. Baba Mamman ba ya nan. Na durƙusa na gaishe ta, ta turo mini shayi, ta bari sai da na kurɓa.

"Haruna, ranar Assabar ɗin nan Malam ya dawo gashinai a bushe, babu akwati. Na tambaye shi ya ce sarƙa ce ba ta zo ba. Shekara talatin da wani abu ina zaune da shi, na san ranar da ya yi mini ƙarya. Abin da na yi ma kayan nan ne?"

Na fara kame-kame, ina cewa ai kayan dama sun tsufa.

"Ban kira ka don ka lallashe ni ba. Da ya shiga da su, mi za ya faru?"

Na ga babu wurin ɓuya. Na ce, "Inna, da ya kai ƙasa ya ja numfashi, ruwa zai ja. Wurin kuma ba ya fituwa da sauri. Watakila da sai dai mu jawo shi da igiya."

Ta ajiye faifan shinkafar. Ba ta yi kuka ba. Ta yi salati a hankali.

"Tun Yauri nike raka shi bakin ruwa da ido," ta ce. "Ba ni iya shiga, ba ni iya riƙe igiya, sai dai in zamna in jira. Ran nan ne kaɗai wani abu na aikinai ya shigo hannuna. Na ce bari in yi mashi abin da na iya."

Na ce, "Allah ya san zuciyarki, Inna. Babu wanda ya ga laifinki."

"Na san da haka," ta ce, ta ɗago ta dube ni. "Ni ban sani ba. Malam kuma bai ɗauki abin bakin komi ba, kowa ya san halinai. Kai ne ka sani. Kai anka ba amana. Mi ya hana ka cewa kada a taɓa?"

Duk kalmomin da na shirya a hanya suka watse. Na ce, "Kunya na ji, Inna. Babana ne."

"Kunya," ta maimaita. "Kunyarka ta kusa sa ni takaba da hannuna. Ka ji ni da kyau, ɗana. Ranar da ka zamna bisa igiya ka ba shi kunya gaban mutane, ran nan ka yi mashi biyayya. Ya yi fushinai ya gama, ni zan ji da shi. Amma in ka ƙara jin nauyin furfura a kan abin da ka riƙe ran mutum, ban yafe maka ba."

Na sunkuyar da kai, hawaye suna zuba a kan tabarmarta, ni da na zo rarrashi. Da zan tafi ta ce in akwai wani lalatacce da ba a amfani da shi in kawo mata ta gani, ta san abin da yake so da abin da ba ya so, don kada wata rana matar wani ta tambaye ta shawara ta ba ta irin tata. Na kai mata ɗaya daga cikin biyun da suka lalace, na nuna mata faifan da bakin agwagwa. Ta juya su a tafin hannunta ta ce ashe a kan wannan ɗan abu take ta addu'a. Ban san abin da ta faɗa wa Baba Mamman ba, amma Asabar ɗin da ta biyo baya, da na miƙa masa huhu, ya mayar mini da shi ya ce in gwada tukuna yana kallo. Ya ƙara shekara uku yana nutso kafin ya ajiye don kansa, kuma igiyarsa ba ta taɓa barin hannuna ba.

Abin da na koya ke nan. Kayan nutso ba a cikin ruwa suke lalacewa ba, a tsakanin nutso da nutso ne, lokacin da kowa ya saki jiki. Kuma a duk shekarun da na yi ban taɓa ganin maƙiyi ya lalata su ba. Mai taimako ne, ko mai son gyara, ko babba da aka ji nauyin a gaya masa gaskiya. Waɗannan mutane ba su cancanci faɗa ba, bayani suka cancanta, kuma tun kafin su taɓa. Saboda haka in wanda ya girme ku, ko wanda ya yi muku hanyar aikin, ya miƙo hannu ya ce ku kawo ya ajiye muku, ku durƙusa ku gaishe shi da ladabi, ku ce a'a. Zai yi fushi, kuma fushin zai yi muku ciwo. Ku bar shi ya yi, mai rai ne yake fushi.